Tafinta ko Mai Gadi? Sharhi kan Malaman Shawara na Lise a Amurka

Duk shekara, da zarar sakamakon Bak ya fito, tambaya ɗaya ce ke zagaye fadodinmu daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai: an ci jarrabawa, to sai ina? Wani ya ci da maki mai kyau amma bai san inda ake kai dosiye ba. Wata ta rubuta sunanta a fannin da ba ta taɓa jin labarinsa ba, don kawai ƙawarta can ta rubuta. Ana cikin haka sai ka ji wanda ya ɗan leƙa intanet ya ce: ai a Amurka ba haka ake ba, can lise tana da malami wanda ba ya shiga aji, aikinsa ya kama hannun ɗan tarminal har ya sa shi jami'a. Sai a yi ta jinjina kai, shayi na dahuwa.

Maganar gaskiya ce, amma rabinta aka faɗa. Ni ilimin harsuna nake karantawa, kuma da wannan idon nake so mu dubi tsarin nan, ƴan uwa ɗalibai, kafin mu yi ta kiran a kawo mana shi. Abin da na gani shi ne, neman shiga jami'a harshe ne mai zaman kansa, da kalmominsa da ladubbansa da lokutansa. Malamin shawara an ajiye shi ne ya zama tafinta tsakanin yaro da wannan harshe. Amma kujerar da aka ba shi a bakin ƙofa take, kuma wanda ke zaune bakin ƙofa ba ya daɗewa sai ya fara zaɓen wanda zai shiga.

Yadda abin yake tafiya

A wurinmu Bak ce mabuɗi. A Amurka ba su da jarrabawar ƙasa guda ɗaya mai buɗe ƙofar jami'a. Ɗalibin aji na 12, wato tarminal ɗinsu, shi zai nemi kowace jami'a da kansa, kuma kowace tana da ikon ta karɓa ko ta ƙi. Dosiyensa ya ƙunshi makin da ya samu tun aji na 9, da wasiƙun shaida daga malamai, da jerin ayyukan da ya yi bayan aji, da wani rubutu na bayyana kai, wani lokaci da sakamakon jarrabawar SAT ko ACT. Akwai takardar nema ta haɗin gwiwa mai suna Common App, wadda jami'o'i 15 suka fara a 1975, yau kuwa masu amfani da ita sun wuce 1,000. Akwai kuma takardar neman tallafin kuɗi na gwamnatin tarayya, FAFSA, wadda kafin a rage ta tambayoyinta sun haura 100, galibi kan kuɗin shigar iyaye da harajinsu.

Lokaci ma harshe ne. Masu neman wuri da wuri suna miƙa takardu wajen farkon Nuwamba, sauran wajen farkon Janairu. Amsa tana zuwa Maris ko Afrilu, kuma bisa al'ada 1 ga Mayu ce ranar da ɗalibi zai faɗi inda ya zaɓa. Wanda bai san kalandar nan ba, ko ya fi kowa ƙwaƙwalwa, jirgi ya bar shi.

A tsakiyar duk wannan malamin shawara yake. Shi ke aika takardar maki, shi ke rubuta wasiƙar da ke gabatar da yaro da makarantarsa, shi ke shaida cewa yaro talaka ne don a yafe mishi kuɗin miƙa takarda. Mafi muhimmanci, shi ake zuwa a tambaya: wace jami'a ta dace da ni? Ku lura da kyau. Mutum ɗaya ne ke ba ka shawara, kuma shi ne ke rubuta wa jami'a ra'ayinsa a kanka, galibi cikin wasiƙar da ba za ka karanta ba. Lauyanka ne, shaida ne, kuma yana da ɗan hannu a alƙalanci.

Inda aka samo shi

Wannan haɗa aiki biyu ba kuskuren jiya ba ne. A 1908 wani mai suna Frank Parsons ya buɗe ofishin shawarar sana'a a birnin Boston, don taimaka wa matasa, da yawansu ƴaƴan baƙin haure, su sami aikin da ya dace da su. Niyya mai kyau ce, amma tunanin da ke ƙarƙashinta shi ne a auna mutum, a auna sana'a, a haɗa su. Bayan shekara hamsin, Tarayyar Sobiyet ta harba tauraron ɗan Adam na farko, Sputnik, a Oktoba 1957. Hankalin Amurka ya tashi. A 1958 majalisarta ta yi dokar ilimi don tsaron ƙasa, ta zuba kuɗi wajen horar da malaman shawara da yi wa ɗalibai gwaji, don a tsamo masu kaifin kai a tura su kimiyya da lissafi. Ke nan rariya aka ba malamin nan tun farko. Rariya kuwa aikinta biyu ne: tana riƙe wani abu, tana zubar da wani.

A 1963 masana zamantakewa biyu, Aaron Cicourel da John Kitsuse, sun bi diddigin wata babbar lise, suka nuna cewa yadda ake raba yara tsakanin masu zuwa jami'a da waɗanda ba za su je ba bai tsaya ga maki kaɗai ba. Yadda ma'aikatan makaranta ke kallon yaro da gidan da ya fito yana shiga lissafi.

Lissafin lokaci

Ƙungiyar malaman shawara ta Amurka, ASCA, ta ce abin da ya dace shi ne malami ɗaya ga ɗalibai 250. A shekarar karatu ta 2022 zuwa 2023, matsakaicin ƙasar malami ɗaya ne ga ɗalibai 385, a jihar Arizona kuwa sama da 600. Kuma ba batun jami'a kaɗai ke kansu ba: su ke tsara jadawalin darussa, su ke kula da jarrabawa, su ke zama da yaron da aka yi wa mutuwa ko wanda ya shiga shaye-shaye. Binciken ƙungiyar NACAC ya nuna cewa a makarantun gwamnati wajen kashi ɗaya cikin biyar na lokacinsu ne ke tafiya kan shawarar jami'a, alhali makarantun kuɗi da yawa suna da malamin da ba shi da wani aiki sai wannan.

Mu yi ɗan lissafi na kanmu. Shekarar karatu a can kwana 180 ce. Mu ce awa 7 a rana, awa 1,260 ke nan. Kashi ɗaya cikin biyar, awa 252. Raba wa yara 385: kowane yaro bai cika minti 40 ba a shekara. Ko da an fifita ƴan ajin ƙarshe, abin bai taka kara ya karya ba.

To wa zai ci wannan ɗan lokaci? Wanda ya san ana zuwa ofishin. Wanda uwarsa ta yi jami'a, ta san ranar da za ta buga waya. Wanda ya shigo da tambayarsa a shirye. Muna cewa matambayi ba ya ɓata, amma sai wanda ya san akwai hanya yake tambayar hanya. Yaron da babu wanda ya taɓa zuwa jami'a a gidansu bai san abin da bai sani ba, balle ya tambaya. Ofishin da ke jiran a ƙwanƙwasa, masu ƙwanƙwasawa yake yi wa aiki.

Abin da ke faruwa cikin ɗaki

Nan ne ilimin harsuna ke da abin cewa. A 1982 Frederick Erickson da Jeffrey Shultz sun fitar da littafi wanda sunansa ke nufin malamin shawara a matsayin mai gadin ƙofa. Sun ɗauki fim na ganawar malaman shawara da ɗalibai a kwalejojin shekara biyu, matakin da ke bin lise, suka riƙa kallon fim ɗin a hankali, suna lura da murya da ido da gyaɗa kai da lokacin da kowa ke karɓar magana. Malaman da ɗaliban sun fito daga al'ummomi daban-daban: jikokin Italiyawa, da na ƴan Folan, da baƙar fata, da masu jin Sifaniyanci.

Abu biyu suka gano da ya kamata kowane ɗalibi ya riƙe.

Na farko, idan cikin hira malami da ɗalibi suka gano wani abu ya haɗa su, unguwa ɗaya, ko coci ɗaya, ko wasa ɗaya, ko sun san mutum ɗaya, sai ganawar ta canza. Malami ya saki jiki, ya faɗi dabarar da ba a rubuta a takarda ba, ya nuna yadda ake zagaye wata doka. Idan babu abin da ya haɗa su, sai a tsaya kan ƙa'ida tsantsa. Ba ƙarya aka yi wa yaro na biyu ba, ba a kuma zage shi ba. An ba shi doka, an ba wancan hanya. Da ɗan gari akan ci gari.

Na biyu ya fi ban tsoro, don babu mai yin sa da gangan. Kowace al'umma tana da yadda take nuna tana saurare. Malamai farar fata sun saba mai saurare ya dube su a ido, ya gyaɗa kai, ya ɗan yi sauti a daidai wurin da suka dakata. Ɗalibai baƙar fata da yawa sukan nuna saurare da alama mafi sauƙi, ba tare da kafa wa mai magana ido ba. Sai malami ya dakata, bai ga alamar da yake jira ba, ya ɗauka yaro bai gane ba. Sai ya maimaita, ya sauƙaƙa, ya sake sauƙaƙawa, kamar mai yi wa ƙaramin yaro bayani. Ɗalibi ya fita yana jin an raina shi. Malami ya zauna yana ganin yaron nan kansa ba ya ja. Kuma wannan malamin ne zai faɗi ko yaron ya isa ya nemi wuri kaza.

Kai da ka tashi a ƙasar Hausa, wannan bai zama maka baƙon abu ba. An koya mana in babba na magana a sunkuyar da kai. Kallon babba cikin ido rashin kunya ne. Kuma dubi kalmar "to". Akwai "to" ta na yarda, akwai "to" ta na ji, akwai "to" ta ban yarda ba amma ba zan yi gardama da kai ba, akwai "to" ta ci gaba ina saurare. Bambancinsu yana cikin tsawon wasali da karin murya da yanayin fuska. Yarinyar da mushe ya ce wa ta bar zancen likitanci, ta sunkuyar da kai ta ce "to", shin ta yarda ne? Mushe zai rubuta cewa an yi shawara kuma ɗaliba ta amince. A gaskiya ba a yi shawara ba, an yi hukunci ne cikin ladabi.

Masanin ilimi Burton Clark ya ba wannan aiki suna tun 1960: sanyaya zuciya. Ya ari kalmar daga Erving Goffman, wanda ya yi amfani da ita kan ƴan damfara, yadda bayan sun cuci mutum sukan bar ɗayansu ya lallashe shi don kada ya tada hayaniya. Clark ya nuna cewa kwalejoji ba sa cewa ɗalibi "ka faɗi". A hankali ake yi: gwaji, ganawa, shawara mai taushi, har yaro ya rage burinsa da kansa, ya kuma ɗauka shi ya zaɓa. A nahawu ma ana gane wannan salo. Ba a cewa "kada ka nema". Sai a ce "ka tabbata?", a ce "mu duba abin da ya fi dacewa da kai". Tambaya ce a siffa, umarni ce a aiki.

Shahararren misali shi ne na Michelle Obama. Tana lise a Chicago, malamar shawara ta nuna mata shakkar cewa ita irin ɗaliban jami'ar Princeton ce. Ba ta koma wurinta ba, ta nemi wasiƙar shaida daga wani babban malamin makarantar da ya san gidansu, aka karɓe ta, ta gama a 1985. Ana ba da labarin nan don ƙarfafa gwiwa, amma a duba da kyau: yayanta ya riga ta shiga Princeton, ta san wurin da idonta, tana da wani babba da za ta je wurinsa. Yaran da ba su da yaya a can, da suka ji irin maganar suka ce "to", ba su rubuta littafi ba, shi ya sa ba mu san sunayensu ba.

Rubutun bayyana kai

A Common App ana buƙatar rubutu wanda bai wuce kalma 650 ba, inda ɗalibi zai ba da labarin kansa. Ana cewa nan ne talaka ke samun damar a ji muryarsa, tunda maki ba ya faɗin komai. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Amurka na Yuni 2023, wanda ya hana jami'o'i duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai amma ya bar ɗalibi ya rubuta yadda launinsa ya shafi rayuwarsa, nauyin da ke kan rubutun nan ya ƙaru.

Sai dai rubutun yana da ƙa'idojin da ba a rubuta ba. Ka yabi kanka amma kada a ga kana yabon kai. Ka faɗi wahalar da ka sha amma ka nuna ka ci nasara a kanta. Ka ce "ni" daga farko har ƙarshe. Wannan salo ne da ake koyo a wasu gidaje tun ana cin abincin dare. A 2021 AJ Alvero da abokan aikinsa na jami'ar Stanford sun sa kwamfuta ta nazarci rubuce-rubuce 240,000 na ɗalibai 60,000 da suka nemi Jami'ar Kaliforniya. Sun gano cewa abin da rubutun ya ƙunsa yana da alaƙa da arzikin gidan ɗalibi fiye da yadda makin SAT yake da ita. Ƴaƴan masu hali sun fi rubutu kan ɗabi'ar ɗan Adam da neman amsar manyan tambayoyi. Ƴaƴan talakawa sun fi rubutu kan yadda suke raba lokacinsu tsakanin karatu da ɗawainiya. Talauci da arziki suna da lafazi, kuma ana jin sa ko a takarda.

Mu da aka rena da cewa yabon kai jahilci, mun san nauyin abin. A al'adarmu wani ke yabonka: maroƙi, aboki, malami. Kai naka kunya da kawaici. Ranar da ka zauna rubuta wasiƙar bayyana manufa don Campus France ko don burs ɗin Turkiyya, za ka ga matsalar ba ta tsaya ga Faransanci ko Ingilishi ba. Ana so ka yi da bakinka abin da tarbiyyarka ta ce kada ka yi. Tafinta na gari zai gaya maka sarai: wannan wasa ne mai doka, ga dokokinsa, yin sa ba ya zubar maka da mutunci. Mai minti 40 a shekara ba zai kai nan ba.

Masu kuɗi kuwa sun daɗe da gane haka, shi ya sa suke hayar masu shawara na kansu kan dubban daloli, dalar Amurka fa, ba dalarmu ta sefa biyar ba. Ƙarshen wannan hanya shi ne abin kunyar da ya fashe a Maris 2019, lokacin da aka gurfanar da mutum 50 kan shirin wani mai shawara, Rick Singer. Iyaye sun biya shi wajen dala miliyan 25 don a gyara wa ƴaƴansu amsar jarrabawa ko a shigar da su a matsayin ƴan wasa alhali ba su taɓa wasan ba. An ɗaure shi shekara uku da rabi a 2023. Singer ɓarawo ne, kuma yawancin masu sana'ar ba ɓarayi ba ne. Amma kasuwar da ya ci a cikinta halal take a doka, kuma abin da ake sayarwa a cikinta shi ne lokaci da harshe, abin da ɗan makarantar gwamnati ke samu da cokali.

Abin da ya yi aiki

Kada a ce na zo rushewa kawai. Malaman shawara da yawa suna aiki har dare, kuma akwai yaran da ba don su ba da ba su ga ƙofar jami'a ba. Laifin na kujera ne fiye da na mai zama. Kuma Amurkawan da kansu sun gwada wasu hanyoyi, sun auna, sakamakon yana da darasi.

A 2008 masana tattalin arziki huɗu, Bettinger da Long da Oreopoulos da Sanbonmatsu, sun yi gwaji a jihohin Ohayo da Karolina ta Arewa, tare da kamfanin H&R Block mai cika wa mutane takardun haraji. Iyalai masu ƙaramin ƙarfi da suka zo cika haraji an raba su. Wasu an ba su bayani kan tallafin da ɗansu zai iya samu, aka sallame su. Wasu kuwa an zauna da su nan take aka cika takardar FAFSA, aikin da bai kai minti goma ba tunda yawancin amsoshin suna cikin takardar harajin. Waɗanda aka ba bayani kawai, ba a ga wani canji a kansu ba. Waɗanda aka cika wa, yawan ƴaƴansu da suka yi shekara biyu a jami'a ya tashi daga kashi 28 zuwa kashi 36 cikin 100. Minti goma na zama tare ya yi abin da takardar bayani ta kasa.

Caroline Hoxby da Christopher Avery sun nuna a 2013 cewa mafi yawan ƴaƴan talakawa masu maki mafi girma ba sa ma neman manyan jami'o'i, alhali da sun nema, tallafin da ake bayarwa zai sa karatun ya fi musu araha. Ba ƙin su aka yi ba, ba su ƙwanƙwasa ba ne. Da hukumar College Board ta gwada aika wa ɗalibai sama da 700,000 takardu da saƙonnin bayani, sakamakon bai nuna wani canji na kirki ba. Bayani daga nesa ruwa ne bisa dutse.

Benjamin Castleman da Lindsay Page kuma sun duba abin da ke faruwa bayan an karɓi ɗalibi. Tsakanin ƙarshen lise da buɗe jami'a akwai wata biyu zuwa uku da yaro ba na kowa ba ne: lise ta sallame shi, jami'a ba ta karɓe shi hannu ba. A nan ne aƙalla ɗaya cikin goma, kuma fiye da haka nesa a unguwannin talakawa, ke narkewa, saboda takardar ɗaki ko ta lafiya ko wani kuɗi da ba su gane ba. Ƴan awoyi na shawara cikin hutu, ko saƙon waya mai tunatarwa wanda za a iya amsawa a sami mutum, sun rage asarar.

Sai shirin College Advising Corps, wanda Nicole Hurd ta fara a Jami'ar Bajiniya a 2005 da matasa 14 da suka gama digiri, aka tura su lise-lisen da ba su cika tura yara jami'a ba. Hikimar shirin ita ce kusancin shekaru. Wanda ya girme ka da shekara huɗu ko biyar, jiya ya cika takardar nan, kuma ba shi ke ba ka maki ba. Gabansa kana iya cewa "ban gane ba" ba tare da ka ji kunya ba.

Mu fa?

Tsarinmu ba irin nasu ba ne, kuma a wasu wurare ya fi nasu sauƙi: ba a tambayar ɗan Bak labarin rayuwarsa kafin ya shiga jami'ar gwamnati. Amma ƙofofi sun ƙaru. Da Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai kaɗai gwamnati take da ita, yau akwai ta Maraɗi da Tawa da Damagaram, da Agadas da Difa da Doso da Tilaberi, ga makarantun kuɗi, ga burs na ANAB, ga na ƙasashen waje. Yawan ƙofofi yawan ruɗu ne ga wanda ba shi da jagora. Kuma duk takardun da nasaranci suke, nasarancin ofis, wanda ko mai maki 15 a darasin Faransanci yana iya tuntuɓe a kansa.

Idan za mu nemi a ƙarfafa oriyantasiyo a lise-lisenmu, kuma ya kamata mu nema, to mu nemi abin da aka ga ya yi aiki. Ga abin da nake ganin ya fito daga duk bayanan nan.

Mai ba da shawara kada ya zama shi ne mai yanke hukunci. Ya faɗi sharuɗɗan fanni, da shekarun karatu, da kuɗin da za a kashe, da inda ake aiki bayan an gama. Kalmar "ba za ki iya ba" ba ta cikin aikinsa.

A yi shawarar da harshen da yaro ke gardama da shi, Hausa ko Zabarmanci ko Fulatanci ko Barbarci ko Buzanci, kuma a sa iyaye ciki, tunda sau da yawa uba ne zai ce yarinya ta tafi Yamai ko ta zauna. Bayan an gama, kada a tambayi yaro "ka gane?", don amsar kullum "to" ce. A ce mishi ya maimaita abin da zai yi gobe da bakinsa.

A je wurin yara, kada a jira su zo. Kuma a zauna a cika takarda tare: takardar haihuwa, takardar ɗan ƙasa, takardar maki, wace ce ake kaiwa meri a buga mata hatimi, kofi nawa, ranar rufewa yaushe. A riƙe lambar wayar yaro har ranar da ya zauna cikin amfi.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke jiran sa hannun minista. Kowannenmu ya fito daga wata lise, kuma kowannenmu yana komawa gida hutu. Ƙungiyoyin ɗalibai na garuruwanmu suna shirya darussan hutu da wasan ƙwallo da daren al'ada. A ƙara yini biyu bayan fitowar Bak: tabarma, biro, jerin takardu, da ɗalibi ɗaya daga kowace fakilte. Sharaɗi ɗaya ne, kuma shi ya fi wuya. Ranar da ƙanenka ya zauna gabanka ya sunkuyar da kai ya ce yana son fannin da kai ka nema ba ka samu ba, ka tuna cewa yanzu kai ne bakin ƙofa. Ka karanta mishi sharuɗɗan, ka miƙa mishi biro.